Kalmar da Malam Philip Ya Bari a Hannun Ruth

Duk wanda ya yi firamare a Warra a hannun Malam Philip Tanimu, ko yau ka ce masa water, yatsunsa za su motsa kafin bakinsa. Kowace safiya kalmar Turanci ɗaya yake kawowa aji, kuma dole ta kasance mai haruffa biyar. Ɗalibi ya buɗe hannu, Malam ya bi yatsun da guntun alli yana zana harafi a kan kowanne, daga babban yatsa zuwa ƙarami. Sai ɗalibin ya dunƙule hannu ya faɗi ma'anar da Hausa. River, kogi. Bread, burodi. Hedimasta ya sha yi masa faɗa cewa Turanci na da dogayen kalmomi, shi kuwa ya ce a bari 'ya'yan masunta su cika hannu ɗaya tukuna.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, matarsa Ruth, mai bandar kifi a bakin tafki. Tare suka sauko daga ƙauyensu na kan dutse suna da ƙuruciya, kuma tun ranar da aka ɗaura musu aure a coci bai sake kiran sunanta ba. Amarya yake ce mata. Ta haihu, ta aurar, furfura ta cika mata kai, yana nan da Amaryarsa, matan kasuwa suna dariya.

"Amarya, kawo hannunki in ba ki ta yau," in ji shi da maraice.

"Malam, hannu duk ƙarnin kifi? Bar ni in yi aikina, gobe na koya."

Goben nan ba ta zo ba har ya yi ritaya. Gari kuwa ya ɗauka matar malami ta iya karatu, don ran Lahadi tana riƙe littafin waƙa a buɗe tana rerawa da ka. Ita ma ba ta taɓa gyara wa kowa zance ba.

Wata damina ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti a Yauri, aka dawo da shi babu magana. 'Ya'ya suka zo daga inda suke aiki, suka yi abin da za su iya, suka koma. Wanka da juya shi a shimfiɗa ba su dami Ruth ba. Abin da ke cin ranta shi ne kallon da yake yi wa kowa, ita ma har da ita, irin kallon da ake yi wa baƙo. Tana so ta san ko mutumin nan ya san wadda ke ba shi kunu.

Ran nan da rana tana goge masa baki, sai ya kamo hannunta da hagunsa. Ya bi yatsunta da farce, a hankali, yana zana wani abu a kan kowanne. Da ya kai ƙaramin, ya dunƙule mata hannun, ya tsaya yana kallonta. Ta san abin da ake jira, ta ga an yi wa yara ba adadi. Ma'ana ake jira.

"Ruwa kaka so, Malam?"

Ta kawo ruwa, ya kau da kai. Kashegari ya sake, zanen bai canza ba. Ta kawo magani. Ta kira fasto. Ta fito da shi inuwa. Kullum sai ya rufe ido kamar wanda ya gaji, ita kuma ta koma bayan ɗaki ta yi kukanta.

Rabin garin nan ya bi ta hannun Malam, kuma ko mai tuƙa kwalekwale ta tare zai karanta mata. Amma ta yaya matar Malam Philip za ta buɗe baki ta ce ba ta san harafi ko ɗaya ba? Gani take tonon asirinsa ne yana kwance. Sai ta riƙa ce wa kanta in ya samu sauƙi zai faɗa mata da bakinsa. Kunya ce marar amfani, kuma ta biya ta da tsada.

Ya rasu ana cikin yankan shinkafa.

Bayan 'yan gaisuwa sun ragu, Khadija ta zo. Tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu tana koyarwa a Shanga, labari bai same ta da wuri ba. Ta iske Ruth a gaban murhun banda, ta durƙusa ta yi mata ta'aziyya. Ruth ta jawo toka da tafin hannu ta baje a ƙasa.

"Ɗiyata, ni ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Dubi wanga abu ki hwaɗa min."

Ta ɗauki tsinke ta zana haruffan da Malam ya yi mata a yatsu, kamar yadda fatarta ta haddace. Na farko sanda mai ciki biyu. Na tsakiya sanda tsaye ita kaɗai. Na ƙarshe kamar matajin kai. Khadija tana kallo, yatsunta suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya ba ta sani ba.

"Bride ne, Inna."

"Mi ke nan? Mi ya so in kawo mai ban kawo ba?"

Khadija ta kamo hannunta. "Ba abin kawowa ba ne, Inna. Amarya ke nan."

Kifi ya fara ƙonewa a kan wayar banda, babu wadda ta tashi. Ruth ta dubi hannunta mai toka, ta dunƙule shi a hankali ta kai ƙirji.

"Na'am, Malam," ta ce.