Ranar da Delu Mai Banda Ta Faɗa Ruwa

Duk mai sayen kifi a bakin ruwan Yelwa ya san Delu mai banda. 'Yar manoman gero ce daga Shanga, aure ya kawo ta cikin masunta. Ta yi furfura tana ƙyafa kifi, amma ruwa ko iya gwiwa ba ta yarda ta shiga. Har tsokanarta ake yi, ita kuwa ko a jikinta.

Shekarun da wayoyi masu ɗaukar bidiyo suka fara shigowa gari, autarta Kulu ta zame a kan katakon sauka daga jirgi, ta faɗa laka da tiren kifi a ka. Wani ɗan ajinsu ya ɗauke ta bidiyo. Kafin ka ce kwabo yara sun tura wa juna har Ngaski. Duk inda Kulu ta gifta sai a kunna, a kwashe da dariya. Yarinya ta rataye jakar makaranta a ƙusa, ta ce ita da boko har abada. Abin ya ci wa Delu rai ƙwarai, ga 'yarta mai shegen surutu ta koma ko tuwo sai da lallashi.

Delu ta kai ƙara gidan su yaron, ya sha faɗa, ya goge bidiyon. A banza, abu ya riga ya yaɗu.

Ranar kasuwa Delu ta ci ado, ta ce Kulu ta raka ta bakin ruwa, daidai inda yaran ke taruwa. Ta hau katakon nan tana yanga, sai kawai aka ji "Wayyo ni Delu!" Tsundum! Kowa ya san ba ta iya iyo ba, wuri ya kaure da salati. Kulu ta yi tsalle ta faɗa, ta cafko uwarta ta jawo ta gaɓa. Wayoyi duk suna sama. Kafin la'asar an manta da bidiyon laka, maganar Kulu jaruma kawai ake yi.

A hanyar gida, suna ɗigar ruwa, Kulu ta ce, "Inna, ruwan ga fa ko ƙirjinki bai kai ba."

"Ke ɗiya, yi kurum," in ji Delu. "Wayassu ta san zurfi?"

Kulu ta fashe da dariya, ta kama hannun uwarta. Washegari, kafin Delu ta hura wutar banda, babu jaka a ƙusa.