Gemun Kawu Sale da Launukan Turawa

Duk wanda ya zauna Tudun Wada kafin a ba mu mulkin kai ya san Kawu Sale tela, ƙanen mahaifiyata. Ba ya karɓar yadi sai ya ɗaga shi a rana, ya kanne ido, ya tambaya: "Me Turawa ke ce wa wannan?" Son sani kamar ya kashe shi!

Amininsa Malam Yohanna, malamin makarantar mishan, shi ke kawo masa sunayen launukan. Wata rana gardama ta yi zafi, Kawu ya kama gemunsa ya rantse: ranar da aka kawo launin da Hausa ba ta da sunansa, a aske shi. Gemun shekara talatin fa!

Malam ya dawo da ƙyallaye cike da aljihu.

"Wannan finki."

"Ruwan hoda. Wuce."

"Kirim."

"Ruwan madara. Haba Malam, da wannan ka tsallako titi?"

"Bebi bulu. Shuɗin jariri ke nan."

Kawu ya saki almakashi. "Subhanallahi! Jaririnsu shuɗi ne? Ai asibiti za a kai shi! Mu sararin samaniya muke cewa."

Da aka zo kan labanda, sai da ya sunsuna ƙyallen. "Wato lafinta? To ina ƙamshin? An cuce ka, Malam."

Rannan sai ga wani ɗan ƙyalle mai sanyin launi, wai shi lailak. Ba ruwan hoda ba, ba shunayya ba. Kawu ya juya shi, ya kai rana, ya dawo inuwa. Kwana uku yana yawo da shi har marina, bai samo sunansa ba. Malam, don tsokana, ya taho da wanzami, unguwa ta taru. Wallahi tausayin Kawu ya kama ni.

Wanzami na wasa aska, Kawu ya ƙura wa ƙyallen ido, ya ce a hankali, "Zanen Laraba."

Laraba matarsa ce, shekara bakwai da rasuwa. Ya ce irinsa ta ɗaura ranar da ya fara ganinta a bakin rijiya, shunayya ce da ta sha wanki.

Malam Yohanna ya cire hula, ya ce wa wanzami, "Mayar da askarka. Ai wannan sunan ya fi na Turawa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sada shi da Larabarsa a Aljanna.