Ɗorin da Aka Yi wa Jikana

Jikana Bafaranshe ne. Ubansa, ɗana na fari, tuƙin mota ya kai shi Nijar, daga can ya haye Faransa, ya auri 'yar ƙasar. Yaron ya tashi da wani wasa da suke kira golf, masu rediyo kuma su ce ƙwallon lambu. 'Yar farar ƙwallo ake bugawa da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙafa har ta faɗa rami.

Ya yi shekaru yana wasan don sha'awa, ba a ba shi komai sai kofi. Uban yakan turo hotuna a wayar ƙannensa, su nuna mini. Na ce kofin da ba a shan ruwa da shi, me za a yi da shi? Sai wata shekara aka ce ya bar sahun 'yan sha'awa ya shiga na ƙwararru, wasan ya zama sana'arsa. Uban ya yi mini bayani a waya: gurbin gwaji aka ba shi, in bai yi abin kirki a gasar da ke tafe ba, a ba wani, masu jiran gurbin kuma ba su ƙirguwa.

Kafin gasar ya ce sai ya zo Haɗeja ya ga kakarsa. Shi kaɗai ya zo, a ƙarshen damina, ruwa bai gama janyewa ba. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Wannan ne mijin nawa? Ko turmin zane babu?" Baffanninsa suka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, bai san abin da aka ce ba.

Sanda ɗaya ya zo da ita. Da hantsi sai ya tsaya a tsakar gida yana dukan iska, ni ina kan tabarma ina tsintar shinkafa, idona a kansa. Na lura ba da kafaɗa yake bugu ba irin na mai faskare. Wuyan hannunsa na hagu ne ke lanƙwashewa, in sandar ta sauko ya sake shi, kamar yadda mace ke kaɗa faifai wajen bakace.

Ranar da abin ya faru, ƙauyenmu na bayan Auyo muka je, ni gaisuwar rasuwa, baffannin kuma su nuna masa gonar shinkafa. Ƙaramin baffan ya goya shi a babur a kan jingar da ke tare ruwa. Jingar ta zaftare, suka faɗi, yaron ya tokare da hannun hagu. Da aka kawo shi, wuyan hannun ya karkace.

Akwai mai ɗori a ƙauyen, dattijo ne da kowa ya yarda da hannunsa. Kafin in gama ɗaura ɗankwali an shimfiɗa tabarma, an yanko kara. Aka nemi uban a waya, babu sabis. Yaron yana ta magana da Faransanci, ya juya Turanci, Turancin baffannin ya ƙare. Sai ya ɗaga hannun dama yana lanƙwasa wuyansa gaba da baya, yana nuna musu, yana girgiza kai. Ni na gane.

"Malam," na ce da mai ɗorin, "hannun nan ba na garma ba ne. Da lanƙwasa yake cin abinci."

Ya yi murmushi. "Iya, ai lanƙwasar muka zo gyarawa. Na ɗora masunta, na ɗora manoma, ba wanda ya dawo ya ce ya kasa riƙe gora."

"A kai shi asibiti."

"Ta ina, Inna?" in ji babban baffan. "Jingar da muka biyo ta zaftare, hanya tana ƙarƙashin ruwa, ciyawar kacala ta toshe mashigar kwalekwale. Kafin mu kai ya kumbura. Don Allah ki koma wajen mata."

"Ni za ka kora, kai da na yi wa wanka?"

"Ba kora ba ce, Inna. Kallon ne ba daɗi."

Mata ba sa tsayawa inda ake ɗori. Na koma bayan zana. Daga nan na ji sun danne shi, na ji ihunsa da yaren da ban sani ba. A gidana ko kaza ba ta tsallake maganata, amma ranar hannuna a ƙugu kawai na tsaya.

Aka ɗaure hannun a miƙe samɓal, yadda ake wa mai riƙe fartanya. Dokar mai ɗorin kuwa, ba a kwancewa, ba a tafiya da mai karaya sai ya ba da izini, in aka saɓa ya cire hannunsa daga jinyar. Baffannin suka bi doka, suka kuma ce kada a tayar wa uban hankali sai an ga sauƙi. Ni ba ni da waya, ban ma san inda ake dannawa ba. Kullum in kai masa kunu, ya dube ni, ya dubi karan, in ce "sannu", ya ce "na gode".

Lokacin da ruwa ya janye labari ya kai Faransa, ƙashin ya riga ya kama. Da ya koma, likitocinsu suka sake karya shi suka sa ƙarfe. Gasar ta wuce, gurbin aka ba wani. Daga baya ya sake gwadawa, uban ya ce in ya buga, ƙwallon sai ta bi inda ta ga dama. Yanzu 'ya'yan mutane yake koya wa riƙon sanda a wani fili a bayan garinsu.

Mai ɗorin kuwa sunansa ya ƙara tafiya. Daga Miga, daga Birniwa ake zuwa wajen wanda ya ɗora Bature. Kwanan baya maƙwabciyata ta shigo a rikice, ɗanta ya faɗo daga amalanke a hanyar fadama.

"Hajiya, an ce shi ya yi wa jikanki. Ya warke kuwa?"

Na tambaye ta sana'ar ɗan, ta ce noma.

"Ƙashin ya kama," na ce. Na kwatanta mata hanya.