Tafi Ɗaya a Soron Marigayi

Kullum da hantsi Malam Abdulsalami zai buɗe shagonsa a bakin kasuwar Karaye, ya kakkaɓe bargunan da ya rataya a bango, sannan ya kunna rikoda. Baƙo sai ya ɗauka barguna yake sayarwa. Ina! Murya yake ɗauka a kaset, saƙon uwa zuwa ga ɗanta a Ikko, ko karatun malamai. Bargunan na shanye amsa-kuwwa ne. "Ɗaki ma bakinsa gare shi," in ji shi, "kuma ba ya jira ka gama."

Ku tambayi Ƙasimu na Zoza. Da faɗa ya rabu da mahaifinsa, ya yi shekara shida a Fatakwal. Kafin tsohon ya rasu ya sa aka ɗauki muryarsa a sabon soron siminti, ko tabarma babu a ciki. Amsa-kuwwa ta dagula maganar. Wasu suka ji "na yafe", wasu suka rantse "ban yafe ba" ya ce. Ƙasimu ya dawo, ya saurara har ya rame.

A 1998 ya kawo wa Malam kaset ɗin. Malam ya ce, "Duk abin da ya fito, shi zan kawo maka."

Ya je Zoza, ya ajiye rikoda inda aka ajiye ta a da, ya zauna a mazaunin tsohon, ya tafa hannu sau ɗaya. Goggo Tasalla, ƙanwar marigayin, ta leƙo: "Malam, lafiya? Tafi a soron mamaci?"

"Ki gafarce ni, Goggo. Muryar soron nake ɗauka."

Ya kai kaset biyun Kano, wajen abokinsa mai kwamfuta. Daga tafin nan na'urar ta gane yadda soron ke maido da sauti, ta rage shi daga muryar tsohon. Sati biyu suna fama. Da Malam ya dawo ya kunna a shago, muryar ba ta fito tas ba, amma kowa ya ji: "Ƙasimu, na yafe maka duniya da lahira." Ƙasimu ya durƙusa yana kuka, wallahi mu ma maƙwabtan shagon muka taya shi.

Kai ne, Malam, mai kunnen haƙuri. Yau kunnen ya gaji, ba ya ji sosai, za ka rufe shago. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku riƙe taku kamar yadda ya riƙe tasa.

Har yanzu duk ranar kasuwa Ƙasimu kan zo, ya sunkuya daidai kunnen Malam, ya ɗaga murya: "Na gode, Baba!" Sai ya maimaita, don kada a yi shakkar abin da ya ce.