Ƙurjin Baba da gonarsa

Na dawo daga birnin Madani na tarar ana shiga ɗakin Baba ana neman gafara. Ashe ƙanensa, Baffa, ya raka shi asibiti, aka leƙa maƙogwaronsa da manzar, siririyar igiyar nan mai madubi a baki. Baffa ya ɗauki hoton abin da ya fito a allon na'urar ya watsa wa dangi: ga ƙari kamar lemun tsami.

Na mayar da Baba wurin likitar da ta duba shi, ta sake leƙawa. Ta ja igiyar baya kaɗan, lemun ya koma ƙwayar dawa. Kusanci ne ya kumbura hoton. Ƙurji ne, kuma tun ranar ta shaida wa Baffa.

Amma Baba ya riga ya damƙa masa hawasha, gonarsa ta ban-ruwa, a gaban shaidu.

"Baffa, daktora ta ce yayanka lafiya lau. A maido gona."

"Alhamdulillahi, ɗiyata. Amma ni da idona na gani. Bari in riƙe masa, kada ya wahala."

Jiya aka sako ruwa, Baffa ya yi shuka. Baba yana zaune a inuwa da ƙoshin lafiyarsa.

Ku a gidanku, wa kuke bai wa rakiyar asibiti?