Giyar da Ta Sha Hayaƙi

A kwarin Barossa kaf, in ana maganar wanda ya san abin da za a ci da kowace giya, sunan Verna Kleinig ke fara zuwa baki. Ba makaranta ta je ta koyo ba. A ɗakin girkin uwarta ta koya, tun tana taka kujera kafin ta leƙa tukunya. Yayanta Hedley shi ke noman inabin, shi ke matsa, shi ke durawa a ganguna. Ita kuwa aikinta yana rumfar ɗanɗano da ke bakin hanya, inda baƙi ke tsayawa su kurɓa kafin su saya. Gonar ƙarama ce, giyarsu ba ta zuwa manyan kantuna, sai wanda ya tako da ƙafarsa.

Verna ba ta ba mutum giya tsurarta. Farar nan mai tsami-tsami, sai da soyayyen kifi. Ja mai bauri kuma, sai da nama mai kitse. In baƙo ya kurɓa ya yamutsa fuska, ba ta musu da shi. Cuku take miƙa masa ta ce, "Ci wannan ka sake kurɓa, sannan ka zage mu." Yana sakewa sai ka ga ya tsaya yana kallon kofin. Ta yi aure a Adelaide, mijin ya rasu, ta dawo gida ta tsaya bayan teburin nan har furfura ta cika mata kai. Abu ɗaya take taƙama da shi, kuma ba ta ɓoyewa: wai ba ta taɓa haɗuwa da giyar da ta rasa abincin da zai tashe ta ba.

Shekarar da gobarar daji ta ci tsaunukan gabas, wutar ba ta shigo gonarsu ba. Hayaƙin ne ya sauko ya kwanta a kwarin kwana da kwanaki, daidai lokacin da inabi ya fara nuna. Maƙwabta suka aika nasu birni a auna ko hayaƙin ya shige shi, wasu ma suka bar wa tsuntsaye amfanin shekarar gaba ɗaya. Hedley ya ƙi. Ya tsinko ƙwaya ɗaya ya tauna ya ce, "Ni da na tsufa a wannan aiki, wani mai farar riga ne zai gaya min ɗanɗanon inabina?"

Ba taurin kai kaɗai ba ne. Hannuwan Hedley sun fara rawa, ƙugu ya ƙi, ba shi da ɗan da zai gaje shi, kuma ya riga ya yarda daga baɗi wani maƙwabci zai karɓi gonar ya riƙa kwashe inabin. Wannan ce giya ta ƙarshe da za ta fita da sunansa, daga tsofaffin kuringar inabin da kakansu ya dasa. Yadda ya riƙa zagaya gangunan nan yana shafa su, sai ka ce jarirai.

To, gidan Kleinig suna da al'ada tun daga kakan nasu: ba a ɗanɗana sabuwar giya da wofin ciki. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ake kafa tebur a tsakanin ganguna, a kawo baƙin burodi da metwas, wato niƙaƙƙen naman da suke durawa a hanji su kyafe shi a ɗakin hayaƙi na bayan gida. A ci, a kurɓa, a yi gardama. Haka suka yi duk lokacin da suka leƙa wannan giya, fiye da shekara tana kwance a ganga. Verna ce ma ke yanka naman da hannunta. Hedley ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Auta, kin ji giya?" Ita kuma ta ce, "Yaya, ba ka taɓa yin irinta ba." Da gaske take faɗa. Aka dure ta a kwalabe, aka manna sunansa, aka gayyaci mutane walimar bankwana.

Ana saura 'yan kwanaki, Verna ta shiga ɗakin girki da safe don ta zaɓi abin da za a ci da giyar. Dulcie, maƙwabciyarta kuma ƙawarta tun ƙuruciya, ta zo taya ta. Cinyar rago tana cikin tanda ba ta nuna ba tukuna. Verna ta buɗe kwalba, ta gutsiri farin burodi, ta kurɓa don kawai ta tuna wa bakinta.

Da farko lafiya lau, ga zaƙin 'ya'yan itace, ga bauri daidai. Sai da ta haɗiye abin ya taso. Ƙauri ne, can ƙasan maƙogwaro, busasshe kamar toka, ya maƙale ya ƙi sauka. Ta kuskure baki, ta buɗe wata kwalbar daga wani kwali. Haka. Ta uku ma haka.

"Dulcie, kurɓi wannan."

Dulcie ta kurɓa ta ce, "Kai, daɗi!" Can sai fuskarta ta canja. "Tabɗi. Verna, murhu kika ba ni in lasa?"

"Rufa min baki."

"To yaya aka yi ba ku ji ba? Ku da hancinku ya fi na kare?"

Verna ta ɗaga kai. Idonta yana kan metwas ɗin da ke rataye a ƙusa kusa da taga. Bakin da ya cika da kyafaffen nama, ina zai ji hayaƙi a cikin kofi? Ita da ta ƙare rayuwarta tana gaya wa baƙi abinci na canja giya, ita ce ta yanka naman ta jera a faranti, Lahadi bayan Lahadi. Ta zauna daɓas a kujera, kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Amma ba ta daɗe a zaune ba. Ta miƙe ta ce, "Akwai abin da zai tashe ta. Dole akwai."

Ta fara da ragon. Kitsen ya kwantar da baurin, ya bar ƙaurin tsirara. Ta dafa agwagwa da miya mai zaƙi, zaƙin ya wuce, tokar ta zauna. Ta gwada tsohon cuku mai gishiri, ta gwada naman kaza da man shanu, ta gwada zaitun, har cakulan mai ɗaci ta narka. Washegari ta sake, jibi ma ta sake. Tukwane suka taru, harshenta ya mutu, ta riƙa cin ɗanyen tuffa tana jira ya farfaɗo. Duk abin da ta kawo, giyar sai ta yi ladabi a baki, ana haɗiyewa ta nuna halinta. Abu ɗaya ne kawai ke rufe ta: metwas.

"To ai shi ke nan," in ji Dulcie tana goge faranti. "Ki cika musu tebur da metwas. A fara da metwas, a ƙare da metwas. Wa zai sani?"

"In sun sayi kwalba sun kai gida fa? Bin su zan yi da wuƙa ina yanka musu?"

"To ki gaya wa Hedley."

"Ke ki gaya masa mana, tunda bakinki ba ya ciwo."

Dulcie ta ajiye farantin. Ita ma ta san ba mai iya gyara abin. Hayaƙin ya shiga fatar inabin tun yana kan reshe, ba a tace shi, ba a jira ya huce, ƙaruwa ma yake yi a cikin kwalba.

Ana gobe walima, da hantsi, Hedley ya shigo yana dogara sanda, ya yi aski, fuskar nan fes. "Auta, me kika zaɓar wa amaryar tawa? Ko har yanzu kina yanga?"

Verna ta ja masa kujera. Ta ajiye masa farin burodi da kofin ruwa. "Ci wannan tukuna, Yaya. Ka kuskure baki."

"Yau kuma ni za a koya wa sha?"

"Don Allah dai."

Ya yi dariya ya bi umarninta. Ta zuba masa giyar. Ya kama kofin da hannu biyu saboda rawa, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya haɗiye. Murmushin bai tafi nan take ba. A hankali ya tafi, tana kallo, ba abin da za ta iya yi.

Ya daɗe yana duban kwalayen da aka jera a bakin ƙofa, kowanne da sunansa a jiki.

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Ba abin da zai tashe ta? Ke fa kike cewa..."

"Na gwada. Wallahi na gwada komai."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, bai ambaci masu farar riga ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ɗaga ido ya dubi ƙusar da ke kusa da taga.

"Yanko min metwas, Auta."

Ta sauko da shi ta yanka, hawaye na hana ta ganin bakin wuƙar. Ya tauna a hankali, ya sake kurɓa, ya lumshe ido kamar yadda yake yi a tsakanin ganguna.

"Kin ji giya?" ya ce.

Verna ta ɗauki wuƙar. Ta sake yanka masa wani.