Takardun Yaya a Hannun Mai Ƙosai

Ina gona ina maimai, rana ta ɗan ɗaga, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Wata murya da ban sani ba ta ce daga Gummi ake kira, ta tambaya ko ni ne ƙanen malamin Turanci. Na ce ni ne. Aka ce Yaya ya yanke jiki ya faɗi a cikin aji, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ban san lokacin da fartanya ta suɓuce daga hannuna ba. Wannan rana, da abin da na aikata bayanta, ba za su bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

Damina ce, hanyarmu ta Nasarawa Burkullu duk ta zama laka. Kafin mu isa Gummi an riga an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba.

Yaya shi kaɗai ne ya yi nisa a karatun boko a gidanmu. Ni a aji uku na sakandare na tsaya na koma gona. Tun da matarsa ta rasu bai sake aure ba, yana zaune shi ɗaya a ɗakin haya kusa da makarantar da yake koyarwa. In ya zo hutu, rediyo ba ta barin gefensa. Ana cikin hira sai ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ya zaro biro ya rubuta wani abu da aka faɗa. Inna takan ce, "Kai wanga Turanci naka bai ƙarewa? Tuwo na hucewa." Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Inna, kama shi nikai kamin shi tsere." Ni ma ina tsokanarsa, ina ce masa Baturen gidanmu. Amma ko sau ɗaya ban taɓa zama na tambaye shi abin da yake rubutawa ba.

Bayan sadakar uku na koma Gummi in kwashe kayansa. Na yi yadda aka tashe mu. Alƙur'ani da duk takardar da na ga rubutun Larabci a jikinta na naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle. Littattafai masu bango na zuba a buhu. Sai na tarar da ɗaure-ɗauren takardu a ƙarƙashin gado, an ɗaɗɗaure su da roba. Na duba na sama, na ga tambayoyin tsofaffin jarrabawa ne. A bayansu akwai ƙananan rubutu, na ɗauka amsoshin yara ne. Babur ba zai ɗauke su ba, zuciyata kuma ba ta son daɗewa a ɗakin nan.

A ƙofar gidan akwai wata dattijuwa mai tuya ƙosai. Ita ce ta fi kowa kuka da ta gan ni, ta ce kullum da safe wurinta Malam yake karyawa. Na ga hanyar kyautata mata ke nan. Na ce, "Iya, ga takardu nan, ki riƙa naɗe ƙosai." Ta yi ta sa mini albarka. Na hau babur ina jin na yi wa Yaya sadaka.

Kusan mako uku bayan haka wani malami abokin aikinsa ya zo mana gaisuwa. Ba ya gari lokacin rasuwar. Bayan addu'a, ya ja ni gindin darbejiyar ƙofar gida ya ce, "Takardun da ke ƙarƙashin gadonai, suna hannunka ko?"

Na ce, "Na jarrabawa?"

Ya ce, "Bayansu za ka duba. Littahi ne. Ya hi shekara goma yana haɗa shi."

Sai ya yi mini bayani a hankali. Ya ce Yaya ya lura yara suna haddace kalmomin Turanci na tafiya da zuwa da faɗuwa da juyawa, amma da sun ji su a bakin mutane sai su rikice, domin Bature da kalmomin motsi yake faɗin sauyin abu. Madara in ta lalace ya ce ta tafi. Mutum in ciwo ya kama shi ya ce ya faɗa. Ganye in ya sake launi ya ce ya juya. Yaya bai yarda ya ƙirƙiri misali daga kansa ba. Sai wanda ya ji da kunnensa ko ya gani da idonsa: a rediyo, a jarida, a takardar magani, a bakin ma'aikata. Kowace jimla ya rubuta inda ya same ta, ya yi bayaninta da Hausa. Takarda ta yi tsada, shi ya sa yake rubutu a bayan tsofaffin jarrabawa.

Da ƙyar na ce, "Malam, na ba mai ƙosai."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire hularsa ya riƙe, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Can ya ce, "Tashi mu tahi."

Mun same ta tana kwashe kasko. Da ta ji abin da ya kawo mu ta dafe ƙirji. "Ɗan nan, ai kai kac ce in ɗauka! Wallahi da na san aikin Malam ne, ko da ganye sai in naɗe." Na ce ba laifinta ba ne. Ta shiga gida ta fito da ɗauri biyu da rabi. Shi ke nan abin da ya rage. Ta kuma bi maƙwabta ƙofa-ƙofa tana tambaya, aka samo 'yan ƙalilan, duk mai ya ratsa su.

A tsaye a wurin na juya ɗaya, karo na farko na karanta rubutun ɗan'uwana. Ya rubuta, "The swelling has gone down." A ƙasa ya sa cewa daga bakin wata nas ya ji a Anka. Sannan ya ƙara da Hausa: "Mu ma muna cewa kumburi ya sauka. A nuna wa yara cewa abin ba baƙo ba ne." Ni da ban gama sakandare ba, nan take na gane. Sai a lokacin na san girman abin da na ɓatar, na durƙusa a gaban mutane na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

Abin ya koya mini kada in yanke hukunci kan kayan mamaci da ɗan sanina; in ban gane abu ba, in ajiye shi in nemi wanda ya sani. Ya kuma koya mini in tambayi 'yan'uwana abin da suke yi tun suna da rai. Tambaya ɗaya a kan tabarmar tuwo da ta isa.

Malamin ya yi ƙoƙari ya jera abin da muka samo, amma ya ce giɓin ya yi yawa, ba zai zama littafi ba. Takardun suna cikin akwatin Inna, tana tsammanin iyakarsu ke nan. Har yau ban gaya mata ni ne na ba da sauran ba.